Yarjejeniyar Ciniki Tsakanin Ƙasa da Ƙasa da Rabon Ƙaramin Ɗan Kasuwa: Misali daga Paki, Ikara, Makarfi da Kudan



Gabatarwa

Abin da za mu yi nazari a kansa yau shi ne yarjejeniyar ciniki da akan ƙulla tsakanin ƙasa da ƙasa, da yadda ake zaman shirya ta, da kuma rabon da ƙaramin ɗan kasuwa yake da shi a cikinta. Na zaɓi in ɗora bayanin a kan Paki, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Ikara, da maƙwabtanta na Makarfi da Kudan a arewacin Jihar Kaduna, domin ƙasa ce ta noma da saye da sayarwa wadda take tsakanin Zariya da Kano. A nan ake noma masara da dawa da waken soya da damina, a noma tumatir da barkono da albasa da rani, ga kuma raken Makarfi da mazarƙwailarsa, ga inabin da aka shiga nomawa a Kudan a 'yan shekarun nan.

Sau da yawa mukan ji a rediyo cewa Nijeriya ta sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki da wata ƙasa, sai mai sauraro ya ɗauka ai shi ke nan, kasuwa ta buɗe. Maƙasudin wannan lacca shi ne in nuna cewa sa hannu kaɗai ba ya sayar da buhu ko guda. Yarjejeniya tana amfanin ƙaramin ɗan kasuwa ne idan abubuwa biyu sun samu: na farko, a san da kayansa tun lokacin da ake ciniki a kan teburi, na biyu, kayan nasa su cika ƙa'idar lafiya da tsabta da mai saye ya gindaya. Idan ɗaya ya ɓace, takardar ta zama ta manyan kamfanoni kawai.

Abin da Yarjejeniya Ta Ƙunsa

Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A ƙarni na 19, sa'ad da fatake suke tafiya Gwanja sayen goro, ba kowane falke ne yake zuwa gaban sarkin garin da aka sauka ya yi cinikin kansa ba. Madugu shi yake shiga fada a madadin ayari duka, ya kai gaisuwa, ya daidaita abin da za a biya a kan kowane kaya, ya nemi alkawarin tsaro a kan hanya. Kalmar nan ta kuɗin fito, wadda muke kiran harajin kwastan da ita yau, asalinta ladan ƙetarar da mutane da kaya a kogi ne. Falke mai jaki biyu yana cin moriyar cinikin madugu kamar yadda mai jaki hamsin yake ci, muddin yana cikin ayarin.

Yarjejeniyar zamani ita ma haka take, sai dai a rubuce. Yawanci takan ƙunshi abubuwa biyar. Na ɗaya, kuɗin fito, watau nawa za a biya a kan kowane irin kaya, da shekarun da za a ɗauka ana rage shi. Na biyu, asalin kaya, watau yadda za a tabbatar cewa a ƙasar da aka yi yarjejeniya da ita aka noma su ko aka ƙera su, don kada wata ƙasa ta uku ta lallaɓo ta ci moriyar rangwamen. Na uku, lafiyar kaya, watau iyakar maganin ƙwari da guba da ƙwayoyin cuta da za a yarda da su. Na huɗu, hanyar biyan kuɗi da wucewar motoci da jirage. Na biyar, yadda za a sasanta idan saɓani ya auku.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta duniya da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Nijeriya tana cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun kafa ta a 1995, wadda Dakta Ngozi Okonjo-Iweala ta hau shugabancinta a watan Maris na 2021. Dokar ƙungiyar ta ce rangwamen da ka yi wa ƙasa ɗaya sai ka yi wa sauran, in ban da inda aka ƙulla cikakkiyar yarjejeniya mai shafar kusan dukan kayan ciniki, ko inda ƙasa mai arziki ta yi wa masu tasowa sassauci. Bugu da ƙari, tun daga Janairun 2015 ƙasashen ECOWAS suka ɗauki tsarin kuɗin fito na bai ɗaya mai hawa biyar, watau sifiri, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. Saboda haka hannun Nijeriya a ɗaure yake wajen rage wa wata ƙasa kuɗin fito ita kaɗai. Abin da ya rage mata ta yi ciniki a kansa gaba da gaba galibi shi ne lafiyar kaya, da hanyar biya, da wucewa a iyaka, kuma waɗannan su ne suka fi shafar mai barkono a Paki.

Darussan Tarihi

A 1885 Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin Turawan Ingila wanda shekara guda bayan haka ya sami izinin sarauta ya zama Royal Niger Company. Ya koma da takardun da kamfanin ya riƙa nuna wa sauran Turawa, yana cewa an sallama masa iko a kan gaɓar Kwara da Binuwai. Su kuwa mahukuntan Sakkwato, a zamanin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, abin da suka ɗauka shi ne sun ba baƙi izinin ciniki a bisa wani abu da za su riƙa biya kowace shekara. Darasi na farko ke nan: wanda ya riƙe alƙalami ya rubuta yarjejeniya, shi yakan fassara ta daga baya.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da auduga suka zama manyan kayan fita daga Arewa, kuma ƙasar Zazzau tana kan gaba a noman auduga. Amma manomi bai taɓa ganin mai saye na ƙarshe ba. Da farko kamfanonin Turawa da dillalansu ne suke tsakani, daga baya hukumomin sayen amfanin gona suka karɓa, su ne masu yanke farashi, su ne masu fitar da kaya. Da aka rushe waɗannan hukumomi a 1986, kowa ya sami 'yancin fitar da amfanin gona, amma tare da su aka yi sakaci da aikin dubawa da rarraba kaya daraja-daraja, wanda shi ne yake sa mai saye a waje ya amince.

A Fabrairun 1975 aka sa hannu a Yarjejeniyar Lome tsakanin ƙasashe 9 na Kasuwar Tarayyar Turai da ƙasashe 46 na Afirka da Karibiyan da Fasifik, wadda ta ba yawancin kayanmu damar shiga Turai ba kuɗin fito, ba tare da mun rama musu ba. A 2000 kuma Amurka ta kafa dokar AGOA mai irin wannan sassauci, wadda wa'adin da aka ɗiba mata a 2015 ya cika ranar 30 ga Satumba, 2025. A ƙarƙashin AGOA, mafi yawan abin da Nijeriya ta sayar wa Amurka ɗanyen man fetur ne. Haka nan musayen kaya da kaya da Gwamnatin soja ta ƙulla da Barazil da wasu ƙasashe a 1984 da 1985, man fetur aka bayar aka karɓo kayan masarufi da na masana'antu, manomi ba ya ciki. Darasi na biyu ke nan: an cire kuɗin fito shekara da shekaru, amma ƙaramin ɗan kasuwa bai shiga ba, domin ba kuɗin fito ne kaɗai yake tare masa hanya ba.

Yadda Ake Zaman Ciniki

A 2017 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ofishin Shawarwarin Ciniki na Nijeriya, marigayi Jakada Chiedu Osakwe ya zama shugabansa na farko. Aikin ofishin shi ne ya jagoranci irin wannan zama, tare da ma'aikatun ciniki da kuɗi da noma da harkokin waje, da Hukumar Kwastan, da Babban Banki. Kafin a fuskanci baƙi, kowace ƙasa takan shirya jeri biyu: jerin abubuwan da take so a buɗe mata, da jerin abubuwan da take so ta kāre. Sa'an nan a yi musayar tayi, a yi ta ja-in-ja kamar yadda ake yi a kara ranar kasuwa, wani lokaci shekaru da dama, har a kai ga abin da kowa zai iya kai wa mutanensa.

To, wa yake rubuta waɗannan jeri biyu? Wanda ya zo ya yi magana. A duba abin da ya faru da yarjejeniyar da Tarayyar Turai ta nema da Afirka ta Yamma bayan ta Kwatano ta 2000. An gama shawarwari a 2014 a kan cewa yankin zai buɗe kashi 75 cikin ɗari na kasuwarsa cikin shekara 20. Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya ta tashi tsaye ta ce kayan Turai za su kashe masana'antun gida, Nijeriya kuwa ta ƙi sa hannu, alhali Gana da Kwadebuwa suka fara aiki da nasu na wucin gadi a 2016. Ko mutum ya yarda da matsayin masu masana'antu ko bai yarda ba, abin lura shi ne suna da ofis da lauyoyi da lissafi, shi ya sa aka saurare su.

Mu dawo gida mu ga yadda irin wannan yake shafar mu. Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa masana'antar sarrafa tumatir a Ikara a farkon shekarun 1980, ta kuma shafe shekaru masu yawa a rufe, a daidai lokacin da ake shigo da markaɗaɗɗen tumatir daga Sin da Italiya a sake zuba shi a gwangwani a Legas. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga kuɗin fiton wannan markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin ɗari, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan. Yanzu a ce wata ƙasa ta ce za ta karɓi busasshen barkononmu a bisa sharaɗin mu sassauta wa tumatirinta. Manomi ɗaya ne a Ikara yake noma duka biyun, a fadama ɗaya. Wanne ya fi masa? Jami'in da ke zaune a Abuja ba zai iya amsawa ba sai an ba shi lissafin yawan masu noma kowanne, da abin da suke samu, da asarar da suke yi. Idan ba a ba shi ba, zai yanke hukunci da lissafin waɗanda suka kawo nasu.

Labarin Wake da Zoɓo

Misalai biyu za su nuna inda gizo ke saƙar. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an yi ta samun maganin ƙwari mai suna dichlorvos a cikinsa, watau sinadarin da ke cikin abin da muke kira fiya-fiya, wanda wasu 'yan kasuwa suke zubawa a ma'aji don tsoron ƙwari. Iyakar da Turai ta yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kilo ɗaya. In an faɗaɗa lissafin, giram 1 ke nan a cikin tan 100, watau buhu 1,000 masu cin kilo ɗari-ɗari. An sa takunkumin na shekara guda, a 2016 aka ƙara shekara uku, daga baya aka sake ƙarawa. Babu wanda ya ɗaga kuɗin fito ko da kwabo. Sakacin wasu ya rufe wa kowa ƙofa, har da waɗanda ba su taɓa zuba magani ba.

Na biyu shi ne zoɓo, wanda ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina, Meziko kuwa ta zama babbar mai sayensa domin su ma suna yin abin sha da shi. Wajen ƙarshen shekarun 2010 Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Nijeriya saboda an sami wani ƙwaron ma'aji da ake kira khapra a cikin wasu kwantenoni. Farashi ya faɗi, kaya suka taru a hannun manoma da 'yan kasuwa. Amma a nan masu fitar da zoɓo suna da ƙungiya. Suka matsa, Hukumar Killace Amfanin Gona ta Nijeriya, watau NAQS, ta zauna da takwararta ta Meziko, aka rubuta tsarin aiki na yadda za a tsabtace kaya, a turara su da hayaƙin magani a ɗakunan da aka amince da su, a ba da takardar shaida. Bayan 'yan shekaru aka sake buɗe hanya.

Irin wannan 'yar takarda ta tsakanin hukuma da hukuma, mai magana a kan kaya guda ɗaya, ita ce yarjejeniyar da ta fi kusa da aljihun ƙaramin ɗan kasuwa, ko da yake ba a cika yi mata biki ba. Ƙasar Sin, alal misali, ba ta karɓar yawancin amfanin gona daga wata ƙasa sai an ƙulla irinta a kan wannan kayan musamman, kuma a ziyarar Shugaba Bola Tinubu ta Satumban 2024 an sa hannu a kan ta gyaɗa. Barkono ma yana da tasa ƙa'idar. Turai ba ta yarda gubar fumfuna mai suna afalatoksin ta wuce kashi 10 cikin biliyan a busasshen barkono ba, watau giram 10 a tan 1,000. Wannan guba tana samuwa ne idan aka shanya kaya a ƙasa ko a gefen titi, ko aka ɗura su a buhu ba su gama bushewa ba. Ashe ke nan makomar kwantena a tashar jiragen ruwa ta Turai tun a wurin shanya a Paki ake yanke ta.

Kasuwar Maƙwabta

Kafin mu hango Turai da Sin, ya kamata mu dubi kasuwar da take bakin ƙofarmu. Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, harshe ɗaya ne, abinci ɗaya ne, awo ma kusan ɗaya ne. Kayan wannan yanki da dama sukan bi ta Dawanau a Kano su nufi Maraɗi da Damagaram, dabbobi da wake da albasa kuma su gangaro. Tun 1971 ƙasashen biyu suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar mai hedkwata a Yamai. Bayan kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, aka fito da tsarin sassauta ciniki a 1979, wanda ya ce amfanin gona da dabbobi da aikin hannu su wuce ba kuɗin fito, aka ƙara da kayan masana'antu a 1990.

Amma tarihin wannan iyaka ya nuna cewa abin da ke rubuce yana iya tashi dare ɗaya. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufe bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris na 2024. Kowane karo mai danyen kaya shi yake fara kuka, domin tumatir ba ya jiran sulhu. Sa'an nan ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A lokacin ECOWAS ta ba da sanarwar cewa a ci gaba da karɓar kayansu bisa tsohon tsari har sai an yanke wata shawara, amma sanarwa ba ta kai yarjejeniya ƙarfi ba.

Saboda haka zaman gaba da gaba tsakanin Abuja da Yamai ya ƙara muhimmanci fiye da dā, musamman ga shi an aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi tun Fabrairun 2021. Akwai kuma Yarjejeniyar Kasuwar Bai Ɗaya ta Afirka, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai ranar 7 ga Yuli, 2019, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu, 2021. Abin da ƙaramin ɗan kasuwa yake bukata a waɗannan zama bai da yawa: takarda guda mai sauƙi ga mai ƙaramin kaya, rage shingayen hanya, da alkawarin cewa ba za a rufe iyaka ga kayan abinci ba tare da sanarwa ba.

Hanyar da Ɗan Kasuwar Paki Zai Bi

Abu na farko shi ne zaɓen kaya. Ɗanyen tumatir da inabi suna bukatar sanyi tun daga gona har kanti, wannan kuwa jari ne babba. Busasshen barkono da kauɗar tumatir da waken soya da mazarƙwaila su ne suke jure tafiya. A kuma lura, masara da ɗanyar fata sun daɗe cikin jerin kayan da aka hana fitarwa, don haka sai an bincika kafin a zuba kuɗi. Ingila ta fara wani tsarin sassauci ga ƙasashe masu tasowa a Yunin 2023, Nijeriya tana ciki, ta kuma ƙulla yarjejeniyar ciniki da zuba jari da Nijeriya a Fabrairun 2024. Can akwai 'yan Afirka ta Yamma masu yawa da suke neman kayan miya irin na gida, kasuwa ce da ta dace da mai ƙaramin ƙarfi.

Abu na biyu shi ne ayari. Kwantena guda tana cin ɗaruruwan buhunan barkono, mai saye kuwa yana son iri ɗaya, launi ɗaya, bushewa ɗaya, kuma ya sake samun irinsa baɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar gama-kai mai rajista tana iya tara kaya, ta sayi tamfol da gadajen shanya, ta ɗauki nauyin gwaji a ɗakin bincike, ta rubuta sunan gonar da kowane buhu ya fito, ta kuma kori duk wanda ya zuba magani ko ya yi algus. Don ajiyar wake da hatsi akwai buhun nan mai riɓi uku wanda iska ba ta shiga, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, ba ya bukatar magani.

Abu na uku shi ne takardu. Kamfani ko ƙungiyar gama-kai sai ta yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kaya, watau NEPC, wadda aka kafa a 1976. Sa'an nan a buɗe fom ɗin NXP ta hannun banki, a biya rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kaya don duba su, a sami shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS, ko ta NAFDAC in kayan sarrafaffu ne, da shaidar asalin kaya. Kuɗin da aka sayar kuwa doka ta ce a dawo da su ta banki cikin kwana 180. Ba lalle sai an je Legas a fara wannan ba, domin an buɗe tashar kaya ta kan tudu a Kaduna a Janairun 2018, da ta Dala a Kano a Janairun 2023.

Abu na huɗu shi ne biya. Kada a saki kaya a kan alkawarin baki ga wanda ba a sani ba. A nemi kafin alƙalami, ko takardar lamunin banki wadda bankin mai saye zai ɗauki nauyin biya da zarar an miƙa takardun jirgi. Ga mai farawa, babu aibi ya fara sayar wa babban mai fitar da kaya a Kano bisa rubutacciyar yarjejeniya, ya koyi ƙa'ida a inuwarsa kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Nauyin da Ke Kan Ma'aikata da Ɗalibai

Ma'aikacin sashen noma ko na ciniki a Ikara da Makarfi da Hunkuyi shi ne idon mai shawarwari a Abuja. Idan ya tara lissafin buhunan da ke fita daga kasuwannin mako-mako, da inda suke nufa, da abin da ake biya a shingaye, ya aika wa ma'aikatar jiha da Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Kaduna, to ya sa yankinsa a kan teburi. Haka kuma wajibi ne a fassara ƙa'idojin lafiyar kaya da Hausa, a boko da ajami, a kai su kasuwa da rediyo, domin ba a zargin mutum da karya dokar da ba a taɓa karanta masa ba.

Ɗalibai kuma, ga fili. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Yaɗa Ilmin Noma suna nan Zariya, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba daga kowane ƙauye na wannan yanki. Muna bukatar masu ilmin sinadarai da za su auna guba, da lauyoyi masu karanta yarjejeniya sashe-sashe, da masu jin Faransanci da Larabci da Sinanci waɗanda za su zauna a teburi su riƙe alƙalami da kansu.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa rangwamen kuɗin fito ya daɗe a hannunmu tun zamanin Lome, amma giram ɗaya na magani ya isa ya rufe kasuwar nahiya guda. Mun ga masu masana'antu da masu zoɓo an saurare su saboda sun zo a ƙungiyance da lissafinsu. Mun kuma ga cewa kasuwar da ta fi kusa da mu ta koma tana bukatar sabon zama. Gwamnati ita ce madugu a wannan zamani, amma madugu ba ya yi wa wanda ba ya cikin ayari ciniki, ba ya kuma iya kāre kayan da suka ruɓe tun daga gida. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan masu barkono da tumatir da rake na Paki da Ikara da Makarfi da Kudan suna son a ambaci kayansu a zama na gaba, yanzu ne lokacin yin rajista, da gyara wurin shanya, da tara lissafi.

 Allah ya sa albarka a nomanmu da kasuwancinmu.